Safar niyofirin ta hannu da ta ƙafa: kaka biyu tsakanin tafki da lambu

Yatsuna ne ke fara korata daga ruwa duk shekara. Da zarar an kai tsakiyar Oktoba, ganyen bishiyoyin bakin tafki ya yi ja ya fara zuba, ɗan ma'aunin zafin da nake jefawa a ruwa ya sauko ƙasa da digiri 13 a ma'aunin Celsius, to minti biyar ya isa hannuna ya ɗauki zugi kamar an datse shi da ƙofa. In na fito, maɓallin riga ya gagare ni, igiyar takalmi ta gagare ni, sai in tsaya ina hura yatsu da baki ina jiran su dawo hayyacinsu. Ga shi kuma a daidai wannan lokacin ne aikin lambu ke taruwa: dashen tafarnuwa, kwashe jiƙaƙƙen ganye, wanke tukwanen shuka kafin a jera su a ɗaki. Hannun da ya sha wuya a ruwa da safe, shi ne zai shiga ƙasa mai sanyi da yamma. Shekaru da dama ina haƙura da iyo tun kafin Nuwamba saboda wannan kawai, kuma duk lokacin da na rataye kayan iyona sai in ji ba daɗi.

Bara na sayi safar hannu da safar ƙafa na niyofirin, wato robar da ake yin kayan shiga ruwa da ita, masu kaurin milimita 3. Yanzu na yi kaka biyu da su, ina ganin na san su sanin da zan iya magana a kansu. Ba zan kama sunan kamfani ba, domin na riƙe na abokan iyona da yawa na duba, bambancin da ke tsakaninsu yana ga kauri, da ɗinki, da yadda bakin safar ke kama wuyan hannu, ba ga tambari ba.

Niyofirin roba ce da aka fara haɗawa a kamfanin DuPont na Amurka a 1930. Wadda ake yin kayan ruwa da ita an hura ta ne ta zama kamar soso, cike da ƙananan kumfar iska da ke rufe ruf, kuma wannan kumfar ce ke tare zafin jiki. A farkon shekarun 1950 wani masanin kimiyyar fiziks na jami'ar Kalifoniya, Hugh Bradner, ya nuna cewa ba sai riga ta hana ruwa shiga ba kafin ta ɗumama mai ita. Haka safar take. Ruwa yana shiga, ɗan kaɗan, ya kwanta tsakanin fata da roba, jiki ya ɗumama shi, robar ta hana zafin tserewa. Ruwa kuwa yana janye zafi daga jiki fiye da iska kusan sau 25, shi ya sa digiri 12 a waje rana ce mai daɗin aiki, a cikin tafki kuwa wani labari ne.

Da na fahimci wannan tun farko da ban yi kuskuren da na yi ba. Na zaɓi safar da ta ɗan fi hannuna girma, ina tunanin za ta fi sauƙin sakawa da cirewa. Ranar da na fara shiga da ita, duk sanda na miƙa hannu gaba na ja ruwa sai in ji wani sabon ruwa mai sanyi ya kutso ta wuyan hannu, ya zagaya tafi, ya kore ɗumin da ya fara taruwa. Kan yatsun ya cika ya yi nauyi, yana lilo kamar na ɗaura ƙananan jakunkuna. Na fito na ɗaga hannu sama, ruwa ya kwararo har gwiwar hannuna. Na koma na sayi wadda ta matse ni, irin wadda sai na yi ɗan kokawa kafin ta shiga. Ita ce daidai. A auna faɗin tafin hannu da zare kafin a saya, idan kuma an faɗa tsakanin lamba biyu a ɗauki ƙarama, muddin ba ta sa kan yatsu tsami ba. Wadda ta matse har ta tare jini ita ma sanyi take ƙarawa.

Ɗinkin wannan ta biyun shi ne abin da na fi yaba mata. An fara manne gefunan da gam, sannan aka ɗinka ta yadda allura ba ta huda robar ta fita ɗaya gefen ba. In ka juya cikinta ba za ka ga zare ya ratso ba. Akwai masu ɗinkin shimfiɗe da ke huda roba gaba da baya, waɗannan na ruwan bazara ne, kowace hudar allura ƙofa ce ga sanyi. Bakinta kuma dogo ne, ya wuce inda agogo ke zama da kamar yatsa uku. Ina ɗaura agogon a kanta, ya zama ya ƙara matse bakin.

Sakamakon a hannu ba ƙarami ba ne. A ruwan digiri 10, inda da nake fita da yatsu sun sandare, yanzu ina fitowa in buɗe jakata da kaina, in saka maɓalli, in riƙe kofi. Abin da na rasa shi ne jin ruwa a tafin hannu. Mai iyo ya san wannan jin, yadda ruwa ke cika tafi in ka ja shi daidai. Da safa sai ka ji kamar kana taɓa abu ta bayan bargo. Na yi mako biyu kafin na saba, kuma har yau gudun iyona ya ɗan ragu. Ban damu ba, ba tsere nake zuwa yi ba.

Safar ƙafar ba ta kai ta hannun ba. A bakin ruwa tana da amfani sosai: tsakuwa ba ta sukar ƙafa, gansakuka ba ta zamar da ni saboda ɗigon robar da ke ƙasanta, kuma tsayuwa a kan taɓo mai sanyi yayin sauya kaya ta daina zama azaba. Amma a cikin ruwa, in na buga ƙafa da ƙarfi, bakinta yana buɗewa ta cika, sau biyu ta kusa zarewa. Tawa ba ta da maɗauri a idon sawu. Duk mai saye ya nemi mai maɗauri, wannan ɗan abin shi ne bambancin.

Akwai abin da safa ba ta yi ko kaɗan, kuma bai kamata kowa ya saye ta da tunanin za ta yi ba. Ba ta hana firgitar farko da ruwan sanyi ke sa wa jiki. Ruwan da ya sauka ƙasa da digiri 15 yana sa mutum jan numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, numfashi ya riƙa fita da sauri, zuciya ta hau bugu. Abin ya fi tsanani a daƙiƙu 30 na farko, ya lafa cikin minti ɗaya zuwa uku. Farfesa Mike Tipton na jami'ar Portsmouth a Ingila ya shafe shekaru yana nazarin wannan, kuma bincikensu ya nuna cewa shiga ruwan sanyi na 'yan mintoci sau biyar ko shida yana rage firgitar kusan da rabi. Wannan ne dalilin da ya sa kaka ta fi kowane lokaci dacewa da sabo: tafki mai zurfi yana riƙe zafin bazara ya sake shi a hankali, in kana zuwa duk mako jikinka yana sauka tare da ruwan, mataki-mataki. Har yanzu ina shiga a tsaye, sannu a hankali, in tsaya ruwa iya ƙirji sai numfashina ya daidaita kafin in fara iyo.

Abin da ya fi damuna game da safar kuwa, daga kyanta ya fito. Jiki shi ne magayi, kuma a ruwan sanyi yatsu ne bakinsa. Zugin nan da nake ƙorafi a kansa shi ne ke cewa in fita. Da na rufe masa baki sai na rasa mai gargaɗina. Wata Asabar a Nuwamban bara, ruwa yana digiri 9, sama ta yi garau, hazo na tashi a kan tafkin, na ji daɗin iyon har na wuce lokacin da na saba da nisa. Hannuna lafiya, ƙafata lafiya. Na fito ina murmushi, na fara sa kaya. Bayan kamar minti goma sai rawar ɗari ta kama ni, irin wadda haƙora ke haɗuwa, na kasa kai kofi baki ba tare da ya zube ba. Dalilin shi ne zafin cikin jiki yana ci gaba da sauka bayan an fito, saboda fata da tsokar da suka yi sanyi suna ci gaba da jan ɗumi daga ciki, abin kan ɗauki rabin awa ko fiye. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne, in ya faɗi ƙasa da 35 an shiga haɗari.

Wani dattijo da muke iyo tare, wanda ya fi shekara talatin yana shiga wannan ruwa, shi ya lulluɓa mini babbar rigarsa, ya ja mini hula har kunne, ya kama hannuna muka riƙa tafiya a hankali a bakin tafkin. Ya ce, "Ɗana, iya ruwa fidda kai. Safar nan hannunka ta ɗumama, ba cikinka ba." Na ce, "Na ji, Baba." Ya hana ni kama hanya sai da rawar ta tsaya. Tun daga ranar nake yanke mintocina tun ina kan tudu, bayan na duba ma'auni, kuma in agogo ya cika ina fita ko da jikina na cewa in ƙara. Masu iyo suna yawan faɗin minti ɗaya ga kowane digiri, amma wannan kintace ne na baki, jiki ya bambanta, ni ƙasa da hakan nake tsayawa. Kayana kuma ina jera su bisa tsarin da zan saka su, hula da rigar sama a kan gaba.

Babbar safar da na saya bisa kuskure ita ta koma lambu, kuma a can ta sami gidanta. Ga duk aikin da ke da ruwa da sanyi ban taɓa riƙe abin da ya kai ta ba. Jiƙaƙƙen ganyen da na tara da manjagara, ina dumbuzarsa da hannu biyu in cika baro, in kai kejin da yake ruɓewa, inda bayan shekara ɗaya ko biyu yake zama baƙar ƙasa mai laushi. Safar yadi tana jiƙewa a dumbuza ta uku ta zama ƙanƙara a hannu, ta fata kuma ta bushe ta ƙandare. Wannan kuwa ko ta jiƙe ɗumi take yi. Na wanke tukwane sama da arba'in a bokitin ruwan sanyi da ita, na tsamo ruɓaɓɓen ganye daga ɗan kududdufin lambun, ban tsaya hura hannu ko sau ɗaya ba.

Wajen dashen tafarnuwa ma ta yi ƙoƙari. Tafarnuwa tana son a binne ta a kaka domin tana bukatar wata ɗaya ko biyu na sanyi kafin kanta ya rabu ɗiya-ɗiya. Ina ɓare ta da hannu tsirara a ɗaki, sannan in sa safa in riƙa tura kowace ɗiya cikin ƙasa, tsininta sama, tazarar santimita 15 tsakani. Wannan tana iyawa. Amma ƙananan iri, ko ɗaurin zare a reshe, ko tsince ciyawa tsakanin 'yan tsiro, sai an cire ta. Ƙaya kuwa maƙiyiyarta ce. Na kama reshen fure mai ƙaya sau ɗaya, ta huda babban yatsa ta yage robar. Gam ɗin niyofirin ya rufe wurin, amma tun daga nan safar fata nake ɗauka in zan yi sassabe. In rana ta ɗan yi zafi kuma hannu yana gumi a ciki har fata ta yi yaushi.

Ba na haɗa ta lambu da ta ruwa, kuma ina roƙon kowa kada ya haɗa. Wadda ta taɓa taki ba ta da hurumi a tafkin da mutane da kifi ke ciki. Sannan lambu yana barin ƙananan yanka a hannu, ruwan tafki da na kogi kuwa kan ɗauki ƙwayar cutar da ke fitowa daga fitsarin ɓera, wadda ke shiga jiki ta rauni. Tunda safar tana barin ruwa ya shiga, ba kariya ba ce. Ina rufe yanka da filasta mai hana ruwa kafin in saka ta, kuma in an yi ruwan sama mai yawa ina ba tafkin kwana biyu, don duk dattin tudu a lokacin yake gangarowa.

Ƙorafina na kullum shi ne bushewa. A kaka iska tana da danshi, safar ba ta bushewa a dare ɗaya. Sai an ɗauraye ta da ruwa mai tsabta, a juya cikinta yatsa bayan yatsa, a rataye a inuwa, in cikin ya bushe a sake juyawa. Ba a ɗora ta a kan na'urar ɗumama ɗaki, ba a shanya ta a rana, duka biyun suna sa robar ta tsage. Na taɓa mantawa da ita a jaka kwana uku, warin da ta yi sai da na jiƙa ta sau biyu kafin ya fita. Mai zuwa ruwa kullum zai bukaci biyu.

Bayan kaka biyu, ta ruwan ba ta ɓare ko'ina ba, sai dai kan yatsu ya ɗan yi laushi, bakin kuma ya ɗan saki. Ina ganin za ta ƙara shekara. Wanda zai wuce cikin hunturu sosai, lokacin da ruwa ke kusantar digiri 5, ya duba mai milimita 5, duk da cewa lanƙwasa yatsu a cikinta aiki ne. Masu gasar iyon ƙanƙara, waɗanda Ram Barkai na Afirka ta Kudu ya kafa wa ƙungiya a 2009, ba a yarda su sa niyofirin ba sam, a ruwan digiri 5 ko ƙasa. Ina girmama su, amma ni abin da nake so shi ne in ga tafkin a watan da ganye ya gama zuba, in kuma koma gida da hannun da zai iya riƙe shebur.

A wannan makon tafarnuwar ta fara huda ƙasa, kore siriri, layi huɗu. Ma'auni ya nuna digiri 8 ranar Laraba. Mun yi da Baba za mu shiga Asabar da hantsi in iska ba ta tashi ba, minti shida na yanke wa kaina, kuma na riga na rataye safar tun jiya don ta bushe.