Haƙorin yaro ya fita: a mayar ko a bari?

In yaro ya faɗi haƙori ya cire, fara duba ko ya yi famfara.

In haƙorin yarinta ne don Allah kar a mayar, turawar tana iya lalata sabon da ke ƙarƙashin dasashi. A danna tsumma mai tsafta jini ya tsaya, sai asibiti.

Amma na dindindin, wanda ke fitowa daga wajen shekara 6, wannan kam sauri ake, a kama shi ta sama banda saiwar, a ɗauraye kaɗan ba gogewa a mayar gurbinsa yaron ya ciji hankici, in an kasa a tsoma shi cikin madara. Kar a naɗe a tishu wallahi bushewa yake. A kai wa likitan haƙori cikin minti 30 zuwa 60.