Masu tallar maganin zafin duniya sun yi yawa, wanne za mu karɓa wanne za mu ƙi?

Duk wanda ya taɓa sayen san noma a kasuwar Mai'adua ya san ba a tsayawa kan bakin dillali. Sai ka buɗe bakin san ka ga haƙora, a ja shi ka ga tafiyarsa, sannan ka tambaya in an je gida aka ga yana da aibi wa za a kama. Toh ni da wannan idon nake so mu kalli dabarun da ake ta tallatawa yanzu na gyara yanayin duniya, domin wasu daga cikinsu sun fara shigowa har ƙauyukanmu na ƙasar Daura da sunan aikin kabon, wato rage iskar hayaƙin da ke ƙara wa duniya zafi, wasu kuma ana shirya su can nesa amma daminarmu za su taɓa.

Bari in fara da wanda ya fi tayar mani da hankali, wato fesa ƙurar farar wuta a can ƙololuwar sama, wajen kilomita 20, don ta mayar da wani kaso na hasken rana baya. Daga dutse mai aman wuta aka kwaikwayo abun. A 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman da ya watsa hayaƙin farar wuta tan miliyan 15 ko fiye, kuma zafin duniya ya sauka da kusan rabin digiri na wajen shekara biyu. Shi ne wasu masana suka ce ai mu ma za mu iya yi da jiragen sama. Gaskiya yana da araha in aka kwatanta da sauran, kuma yana aiki da sauri, wannan ba na musu. Amma ku saurari inda matsalar take. A 2013 masana hukumar hasashen yanayi ta Ingila sun fitar da bincike da ya nuna in aka yi feshin a arewacin duniya kaɗai, ruwan damina na yankin Sahel zai ja baya, kuma sun lura cewa uku daga cikin daminoni huɗu mafi muni da yankin ya gani a ƙarnin da ya wuce sun biyo bayan aman dutse ne a arewacin duniya. Dutsen Alaska ya yi nasa a 1912, bayansa aka yi fari da yunwar da kakanninmu ke kira Kakalaba. El Chichón na Meziko ya yi a 1982, farin 1984 kuwa ba sai na ba iyayenmu labarinsa ba, akwai gidajen da har yau ba su mayar da garken da suka rasa ba. In kuma aka yi feshin a kudancin duniya mu za mu samu ruwa amma arewa maso gabashin Birazil su bushe, kenan dole wani ya kwana da yunwa, kuma wanda ke da jiragen shi zai zaɓi ko wanene, mu dai ba mu da su.

Sannan ƙurar ba ta zama, shekara ɗaya zuwa biyu ta sauko, sai an ci gaba da fesawa shekaru aru-aru tunda ba ta cire iskar kabon ɗin da ta jawo zafin ba, rufe shi kawai ta yi. Ranar da yaƙi ko rashin kuɗi ko rigimar ƙasashe ta sa aka tsaya, duk zafin da aka danne zai dawo cikin 'yan shekaru a dunƙule, gero da dabba da mutum babu mai lokacin sabawa. Wallahi wannan kaɗai ya ishe ni. Kaya ne da in ka saya ba a mayarwa kuma ba a ajiyewa. Kuma ba mu kaɗai muke tsoronsa ba, jami'ar Harvard ta so gwaji da balan-balan a arewacin Suwidin a 2021, mutanen Sami masu kiwo a wajen suka ƙi, a 2024 aka rufe aikin baki ɗaya. Wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Make Sunsets ya saki balan-balan ɗauke da hayaƙin a Meziko babu izinin kowa yana sayar wa mutane takardar wai sun sanyaya duniya, a farkon 2023 gwamnatin Meziko ta ce ta haramta irin wannan gwaji. Ministocin muhalli na Afirka su ma a 2023 sun nemi a yi yarjejeniyar kada a yi amfani da shi. A nan ina tare da su ɗari bisa ɗari.

Na biyu shi ne wanda mutanenmu suka fi jin daɗin labarinsa, wai jirgi ya sa a yi ruwa. Tun 1946 aka fara wannan a Amurka, jirgi ne ke shiga cikin gajimare ya zuba gishiri ko wani sinadarin azurfa don ɗigon ruwa ya haɗu ya yi nauyi ya faɗo. Burkina Faso da Mali sun daɗe suna yi, Nijar ma ta gwada a 2022. Abin da ya kamata a gane, ba ya haɗa hadari daga babu. In sama ta yi tas irin ta watan Mayu da muke rokon ruwa, jirgin ba shi da abin da zai yi, sai gajimaren da dama ya kusa zubarwa yake ɗan taimaka wa. Kuma har yau auna ƙarin da yake kawowa yana ba masana wuya, domin wa zai ce maka da ba a yi ba ruwan ba zai sauka ba? Ga kuɗin jirgi da mai da na'urar hangen hadari duk shekara. Ga kuma zargi, a ce an yi a Kongolam da ke bakin iyakarmu da Nijar ruwa ya sauka tsallaken iyaka mu nan shuka na ƙonewa, ko da ba shi ne dalili ba wa zai iya fahimtar da manomi? Haɗarinsa bai kai na farko ba ko kusa, yana tsayawa a yanki ɗaya kuma in an daina ya ƙare. Amma in gwamnati ta tambaye ni, kuɗin gara a zuba su a gyaran madatsun ruwa irin Sabke da Daberam da rijiyoyin noman rani.

Injin tsotse kabon daga iska kuwa ba zan daɗe a kansa ba. Kamfanin Climeworks ya buɗe ɗaya a ƙasar Aisland a 2021 mai ɗaukar tan 4,000 a shekara, ya ƙara babba a 2024 da aka tsara wa tan 36,000, alhali duniya na fitar da sama da tan biliyan 35 duk shekara. Tan ɗaya na cin ɗaruruwan daloli, ga shan wutar lantarki. Ba ya cutar da daminarmu, amma ba kayanmu ba ne, waɗanda suka cika sama da hayaƙi su biya, Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 ba. Damuwata da shi ɗaya ce, kada ya zama hujjar da masu man fetur za su ci gaba da ƙonawa suna cewa za a tsotse daga baya.

Yanzu mu sauko gona, inda hannunmu ke kaiwa. Akwai gawayin gona, a ƙona kara ko ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa a rufe ba tare da iska sosai ba, a daka, a cuɗa da takin gida a zuba. A ƙasa mai rairayi irin jigawarmu yana taimakawa wajen riƙe laima da taki, kuma kabon ɗin na zama a ƙasa shekaru masu yawa. Na gani da idona a wani ɗan fegi da muka gwada, bayan kwana tara babu ruwa in ka tona da yatsa wajen da aka sa gawayin za ka ji sanyi, gefensa kuwa ƙasar ta koma gari. Sai dai a kula, in ka zuba shi tsurarsa ba ka jiƙa shi da taki ba zai iya janye abincin shukar a shekarar farko. Babbar tambayar ma ita ce da me za a yi shi. Karanmu ba shara ba ne, shi ne danga, shi ne makamashi, shi ne abincin shanu in bazara ta yi tsanani. Duk wanda ya zo sayen kara da yawa don gawayi, ka lissafa kuɗin harawar da za ka saya a watan Afrilu kafin ka ce to. Kuma kada a sare itace ɗanye don shi, wannan asara ce biyu.

Wanda na fi yarda da shi shi ne wanda maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram suka yi tun wajen 1983, suna ce masa sassaben zamani. Ba dashe ba ne ma, in ka zo sassabe sai ka bar tohon da ke fitowa daga tsohon kututture, ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka datse saura, ka kare su daga awaki. Da haka aka dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo shi ne sarkinsu, yana zubar da ganye da damina don haka ba ya yi wa gero inuwa, ya ba ƙasa taki, da rani kuma ya ba dabba 'ya'ya. Kowa ya san geron gindin gawo daban yake. Kuɗinsa wuƙa ce da haƙuri, in kuma ka ga bai yi maka ba gatarinka na hannunka. Gaskiya dai ba zai sanyaya duniya shi kaɗai ba, kuma yana son shekaru kafin a ga amfaninsa, sannan sai an yi maganar makiyaya da masu saran dare a gaban mai gari tun farko.

Inda nake jan kunne shi ne takardar da ke biyo itatuwan. Bara wani ya zo majalisarmu da fom, ya ce za a riƙa biyan mutane kuɗin kabon, wato ladan iskar kabon ɗin da itatuwansu ke tsotsewa, in sun sa hannu gonarsu ta shiga shiri na shekara 30. Kawuna ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Ɗana, in na rasu 'ya'yana suka zo rabon gado, gonar tasu ce ko ta takardar?" Mutumin ya ce zai tambayo, har yau bai dawo ba. Kafin ka dangwala yatsa a irin wannan, ka sa a karanta maka da Hausa a gaban shaidu, ka ji shekara nawa ne, nawa ne rabonka kuma wa ke auna kabon ɗin, in fari ko gobara ta kashe itatuwan wa ke da asara, za ka iya sassake reshe don girki ko jingina gonar in buƙata ta taso, kuma wane iri za a shuka. In suka ce itacen turare za su jera maka a tsakiyar gona ka ƙi, yana shan ruwa sosai kuma amfanin gona ba ya jin daɗin zama kusa da shi. Bedi ma bakin iyaka ya fi dacewa da shi.

Ni dai a gonarmu bana na bar toho goma sha ɗaya, gawo bakwai, sauran kalgo da aduwa, na ɗaura wa kowanne jan ƙyalle don masu huɗa su gani su kauce. Gawayin kuma zan ƙara gwada shi a kunya biyar da ɓawon gyaɗar da muka tara, karan kuwa na shanu ne.