Yawon ƙafa na awa uku a Barlin kan siyasar gabas ta Willy Brandt: ya ci kuɗinsa, sai dai ƙarshen

Kawuna ya zo duba lafiyar gwiwa, likita ya ce ya riƙa ɗan tattaki, ni kuma na gaji da kai baƙi Ƙofar Brandenburg su ɗau hoto mu koma gida, shi ne na yi mana rajistar wani yawon ƙafa ta intanet. Ƙaramin kamfani ne, ba zan kama suna ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi. Taken yawon Ostpolitik, wato yadda Jamus ta Yamma ta juya ta fara mu'amala da maƙwabtanta na gabas zamanin Willy Brandt. Na ce Kawu kun san shi kuwa? Ya harare ni ya ce kai yaro tun ba a haife ka ba muke jin sunansa a rediyo. To shi ke nan.

Yuro 25 kowane mutum, ban da tikitin jirgin ƙasa. An ce ƙarfe 10 a Bernauer Strasse, matar da za ta yi mana jagora ba ta iso ba sai 10 da kwata, ga sanyi, kuma a talla sun ce ba a wuce mutum 12 amma da na ƙirga mu 19 ne, ba lasifika, in kana baya sai dai ka karanci leɓenta. Wallahi har na fara lissafin yadda zan karɓo kuɗina.

Amma da ta buɗe baki sai na haƙura. Dattijuwa ce, ba ta fara da yarjejeniyoyi da sunayen ministoci ba, ta tsayar da mu jikin ragowar katangar da ta raba Barlin gida biyu ta ce a nan ranar 13 ga Agusta 1961 aka wayi gari an raba uwa da ɗa, kuma Brandt ne magajin garin Barlin ta Yamma lokacin, yana ji yana gani Amurka da Ingila da Faransa ba wanda ya iya cire ko bulo ɗaya. Daga nan shi da na hannun damansa Egon Bahr suka gane cewa gaba da ɗaure fuska ba za su rushe katanga ba, sai Bahr ya fito a 1963 da batun kawo sauyi ta hanyar kusantar juna. Kafin nan tsarin gwamnatin Jamus ta Yamma da ke Bonn shi ne duk ƙasar da ta amince da Jamus ta Gabas to sun raba gari da ita, in ka cire Mosko.

Inda ta fi kama ni shi ne labarin takardun izini na Disamban 1963. Wata 28 mutanen Barlin ta Yamma ba su taka gabas sun ga danginsu ba, sai aka daidaita aka buɗe ƙofa na kusan sati biyu da rabi lokacin Kirsimeti, mutum kusan dubu 700 suka tsallaka, wasu sun kwashe awanni a layi cikin ƙanƙara don takarda ɗaya. Kuma tunda yamma ba ta yarda gabas ƙasa ba ce balle ta bar jami'anta su buɗe ofis, sai aka ce ma'aikatan gidan waya ne za su zo su karɓi takardun, kowa ya san wasan kwaikwayo ne amma kowa ya kau da kai. Kawu ya yi dariya ya ce ai ko a gida haka ake sulhu, a nemo sunan da ba zai kunyata kowa ba.

Daga Nordbahnhof muka hau jirgi zuwa Friedrichstrasse, muka shiga Tränenpalast, fadar hawaye ke nan, zauren da ake duba fasfon masu fita zuwa yamma, a bakin ƙofarsa dangi ke sallama. Shiga kyauta ne, kuma akwai benci, gwiwar Kawu ta gode Allah. Ƴan ɗakunan binciken fasfon suna nan, matsattsu, ka shiga ƙofa ta rufe sai ka ji ƙirjinka ya yi nauyi ko ba ka yi laifin komai ba. A nan ta zayyano sauran: Brandt ya zama shugaban gwamnati a 1969, yarjejeniyar Mosko Agustan 1970, ta Warso 7 ga Disamba inda aka amince da kogunan Oder da Neisse a matsayin iyakar Folan ta yamma, ranar da ya durƙusa gaban dandalin tunawa da Yahudawan da suka yi wa ƴan Nazi bore a Warso. Ta ciro hoton daga jaka ta zagaya da shi. Ni a zatona duk Jamusawa tafa masa suka yi, ashe a ƙuri'ar jin ra'ayi ta mujallar Spiegel kashi 48 cewa suka yi ya wuce gona da iri, 41 ne suka ce daidai ne. Ga miliyoyin Jamusawan da aka koro daga yankunan da suka koma hannun Folan, su gani suke ya sayar da gidan ubansu. An ba shi Nobel a 1971, a 1972 saura ƙuri'a biyu majalisa ta tsige shi, 1974 kuma ya sauka da kansa bayan an gano hadiminsa Günter Guillaume ɗan leƙen asirin gabas ne, wato waɗanda ya miƙa wa hannu su suka dasa masa kunne a ofis.

To ƙarshen ne matsalar. Mun iso gaban ofishin jakadancin Rasha a Unter den Linden saura minti goma, nan ne ya kamata a zauna a yi maganar gas, don a wannan 1970 ɗin aka ƙulla cinikin bututu da gas, Jamus ta ba da manyan bututun ƙarfe da bashin banki Sobiyet ta biya da gas, ya fara zuwa 1973, a hankali a hankali har a 2021 sama da rabin gas ɗin da Jamus ke shigowa da shi na Rasha ne, sai ga yaƙin Yukiren a 2022 duk wanda ke biyan kuɗin ɗumama ɗaki a ƙasar nan ya ji a jikinsa, ni ma shaida ne. Wani saurayi ya tambaye ta shin laifin Brandt ne ko na waɗanda suka biyo baya, ta ce tambaya mai kyau, ta duba agogo, ta ce tana da wani rukunin ƙarfe 2. Haba baiwar Allah. Kwatan awar nan da kika ci mana da safe ai nan ne amfaninta. Ni dai a ganina wanda ya nemo wa mutane takardar zuwa gaida uwa daban, wanda ya jingina tukunyar ƙasa gaba ɗaya kan murhu guda bayan shekara talatin da arba'in daban, amma so na yi in ji daga bakin wadda ta rayu a ciki.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su. In za ku je ku sa takalmi mai taushi, ku tsaya kusa da ita tun farko, ku tambayi yawan mutane kafin ku biya, kuma ku jefa tambayar gas ɗin tun kuna Friedrichstrasse inda akwai wurin zama. Da Turanci ake yi, akwai na Jamusanci ranar Asabar. Kawu ya ƙara mata yuro biyar daga aljihunsa duk da na ce an biya, a jirgin komawa kuma bai yi maganar komai ba sai ta ma'aikatan gidan wayar nan.