Agwagi ko kaji? Amsar tambayar Hajiya

Hajiya kin ce gidanku a cikin garin Sakkwato yake, tsakar gidan ba wani girma, ruwa kuma wurin 'yan ga-ruwa kuke saye, kina son sanin tsakanin agwagi da kajin Hausa wanne za ki fara da shi. Toh na kiwata dukansu, bari in faɗa miki abin da na gani.

Abin da ya sa na koma wa agwagi shi ne hunturu. Duk mai kaji ya san annobar nan da take zuwa da sanyi, kaza ta yi ta gyangyaɗi tana zawo kore-kore, wuya ya karkace, kwana uku huɗu akurki ya zama wayam. Shekarar da ta shigo mana kaji goma sha ɗaya na rasa, wallahi har da wadda take kan ƙwai, amma agwagina huɗu ko gezau. Likitocin dabbobi Niyukasil suke ce ma cutar, akwai rigakafinta irin su Lasota, in dai kaji za ki yi to ki yi shi tun kafin sanyi ya shigo. Agwagwa tana da juriya a kanta, sai dai tana iya ɗaukar ƙwayar cutar ta shafa ma kaji ita kuma tana lafiya lau, haka ma murar tsuntsaye wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006. Shi ya sa ban haɗa musu wurin kwana ko kwanon ruwa.

Wajen ƙyanƙyasa kam kaza ta fi sauri, kwana 21 kin ga 'yan tsaki. Agwagwar gida irin tamu mai jan fuska, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, sai ta kwana 35 a kan ƙwai, mutane da yawa nan suke gajiya su ce ƙwan ya lalace su zubar alhali saura 'yan kwanaki. Farar nan ta gona da ake ce ma Pekin ita kwana 28 ce, amma ba ta cika zama kan ƙwai ba, kuma in kika haɗa ta da toron gida 'ya'yan da za su fito ba sa haihuwa, nama kawai. Ta gidan nan ita ce uwa ta gari, takan rufe ƙwai goma zuwa sha biyar, ni har ƙwan zabi nake sa mata.

Yanzu maganar ruwa, don a nan abin naki yake. Ba sai kina da tafki ba ko kina zaune bakin gulbi kamar mutanen Kwalkwalawa. Abin da agwagwa take buƙata shi ne ruwan da za ta tsoma kanta gaba ɗaya ta wanke hanci da ido, kuma ba ta iya haɗiye busasshiyar dusa sai da ruwa kusa. Jarka mai lita 25 na raba biyu, ta ishi guda huɗu. Amma fa kullum sai kin canza, lokacin bazara da zafi ke wuce digiri 40 har sau biyu, ki sa a inuwa don ruwan da ya sha rana ba za su taɓa ba. Sannan akwai caɓi. Kashin agwagwa ruwa-ruwa ne, kuma duk inda ta ga danshi sai ta tona da baki, in tsakar gidanki siminti ne kuma kina da yara masu rarrafe gaskiya za ki sha wanki. Ni lungu guda na killace musu na zuba yashi, ruwan da suka ɓata in juye ma zogale, zogalen ya yi kyau ƙwarai. Kaza ba ta da wannan ɗawainiyar, ɗan kwano ya ishe ta.

Abinci duk ɗaya ne, dusar gero, ƙanzo, ragowar tuwo, ganye, sai dai agwagwa ta fi ci. Don Allah kar ki ba ƙananan agwagi abin da ya yi fumfuna, yana kashe su da sauri fiye da 'yan tsaki. Kar kuma ki bar musu ruwa mai zurfi a makonnin farko, suna jiƙewa sanyi ya kama su.

Kasuwa kuwa ta kaza ce, ba gardama. In buƙata ta taso ki aika da zakara kasuwar Kara yau ki karɓi kuɗinki, toron agwagwa ko ya ninka zakara nauyi sai kin jira mai so, don ba kowane gida ake cin ta ba.

In don ki riƙa sayarwa ne lokacin Salla da suna, yi kaji da rigakafi. In kuma nama a gida kike so da abin da zai tsallake hunturu, kuma za ki iya ware jarka ɗaya ta ruwa kullum, ki fara da toro ɗaya da mata uku. Ki rage ma matan gashin fuka-fuki gefe ɗaya ranar da kika kawo su, suna tashi sama su haura katanga.