Murfin bodin a-kori-kura mai ninki uku: abin da na gani bayan ya sha rana da ruwa

Murfin alminiyam mai ninki uku ya cancanci kuɗinsa, amma da sharaɗin an saye shi daidai da bodin motar. Yawancin ƙorafin da ake yi a kansa, yoyo ne ko ƙara a kan hanya, daga awo yake farowa.

Kada a dogara da sunan mota kaɗai. Ford F-150 tana zuwa da bodi iri uku: ƙafa 5.5, ƙafa 6.5 da ƙafa 8, kuma waɗannan sunaye ne na kasuwa, domin mai ƙafa 5.5 ɗin idan aka sa tef inci 67 za a samu. A rufe ƙofar baya, a auna daga cikin bangon gaba zuwa cikin ƙofar, ta saman baki. Sannan a duba shekarar ƙira. Duk sanda kamfani ya sauya fasalin mota, faɗin bodi da lanƙwasar ƙofar baya kan sauya, sai murfin tsohuwar ƙira ya hau amma ya bar kafa a kusurwa. Mai sabuwar mota ya fi kowa faɗawa wannan tarko, don dillali kan miƙo abin da ya rage masa a sito. Haka idan akwai shimfiɗar roba da ta hau kan bakin bodi, ko ƙarfen ado a bayan gilashi, ko akwatunan gefe irin RamBox na motocin Ram, to murfi na musamman ake nema.

Ɗaurawa ba ta buƙatar huda ƙarfe. Ana ɗora dogayen ƙarafa biyu a gefe, a kama kowanne da matsi uku ko huɗu, da sifana ɗaya. Inda ake kuskure shi ne ɗaure noti tun farko. A bar su sakwa-sakwa, a ɗora murfin, a rufe ƙofar baya a ga ta kama ba tare da dannawa ba, sannan a ɗaure daga gaba zuwa baya. Ɗauri ya yi yawa, ƙarfen gefe zai karkata, sakatar ta daina shiga. Bayan mako guda na tuƙi a sake bin notukan, girgiza kan sassauta su. Robar da ake mannawa a bangon gaba kuwa, sai an goge wurin tas ya bushe, in ba haka ba gam ɗin zai saki cikin zafi.

Game da ruwa, a faɗi gaskiya: yana tare mafi yawansa, ba duka ba. Ruwan sama kan gangara ta gefe ya bi tiyo biyu da ke gaba ya fita ƙasa, kuma idan ganye ya toshe su ko suka lanƙwashe, cikin bodi zai koma. Ƙura ma ta kafar ƙofar baya take shiga, wadda murfin bai shafe ta ba. Robar ƙofa daban ake saya.

Ya fi na leda mai naɗewa tsaro nesa ba kusa ba, tunda wuƙa ba ta yanka shi. Sai dai makullinsa shi ne ƙofar baya: in ba a kulle ta ba, kowa zai buɗe ya ja igiyar sakata. Kamfanoni kan rubuta cewa yana ɗaukar kilo 135 zuwa 180, amma nauyin da aka baza suke nufi, ba mutum ya tsaya a tsakiya ba.

Abin da bai yi mini ba shi ne dogon kaya. Ninki biyu na buɗe kashi biyu cikin uku na bodi. Idan aka jingina shi duka da kan mota, gilashin baya ya rufe. Wani irin murfin, mai zamewa ya shige cikin akwati, ya magance wannan, amma akwatin na cin kusan ƙafa ɗaya ta gaban bodi, asara ce babba ga gajeren bodi. Wanda kullum yake lodin firiji ko babur, na leda mai naɗewa zai fi masa sauƙi.