Na je zaman "tsayar da dangi" a Wuse 2, ga yadda muka kwashe

Tun bayan ƙaramar sallah wata ƙawata take damuna da maganar zaman nan, har ta kai in na ga kiranta sai in kife wayar. Da Turanci famili konstaleshan suke ce masa, ni kuwa tsayar da dangi na raɗa masa, don abin da ake yi ke nan. Za a ɗebo mutanen da ba su taɓa ganinki ba a tsayar da su a tsakiyar ɗaki, wannan ya zama babanki, waccan mamarki, wancan kakanki da ya rasu tun ba a haife ki ba. Masu bin shafukan matan Abuja sun san wurin, sun san kuɗin, ba sai na faɗa ba. Ni dai da na tura sai da na yi tagumi, don ya haura kuɗin buhun shinkafa.

Abin da ya kai ni ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san gidanmu. Mu huɗu ne mata a ɗakin Mama, uku aurenmu ya mutu, ni da Yaya da autarmu, kuma babu wadda ta cika shekara biyar a ɗakinta. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi sauka. Gwaggo ta ce jifa ne, Kawu ya ce rashin haƙuri ne irin na 'yan boko. Kafin in je na ɗan bincika wanda ya ƙirƙiro abin, wani Bajamushe ne Bert Hellinger, an haife shi a 1925 ya mutu a 2019. Fada ne na cocin Katolika, ya yi shekara 16 yana aikin mishan a cikin ƙabilar Zulu ta Afirka ta Kudu, daga baya ya ajiye limancin ya yi aure. Magana ɗaya tasa ce ta riƙe ni: wai duk wanda dangi suka shafe, aka daina ambaton sunansa, wani na baya ne zai ɗauki kayansa ba tare da ya sani ba.

Ranar Asabar ce, ɗaki ne a saman bene, kujeru a zagaye, kowa ya cire takalmi. Mu goma sha biyar ne, maza biyu kacal. Mai jagorancin Bahaushiya ce, Anti kowa yake ce mata, muryarta a sanyaye kamar mai lallashin jariri. Ta sa muka yi alkawari duk abin da aka faɗa a ɗakin nan ya mutu a ɗakin nan. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sai bayan azahar layi ya zo kaina. Na gama zayyana mata komai, sai ta ce, "Ƙanwata, Baba ya taɓa aure kafin Mama?" Na ce a'a. Har na rufe baki sai gabana ya faɗi, don na tuna wani biki da na ji Gwaggo ta yi suɓul da baka ta ce "waccan matar ta Jos", Mama ta harare ta, maganar ta mutu a nan. Ina 'yar shekara goma sha biyu lokacin. Ban sake jin an ambace ta ba, ko sunanta ban sani ba.

Anti ta ce in zaɓi wadda za ta tsaya a madadinta. Na nuna wata dattijuwa mai hijabi ruwan ƙasa wadda tun safe ba ta ce uffan ba. Na dafa kafaɗunta kamar yadda aka koya mana, na kai ta tsakiya kusa da mai wakiltar Baba. Ina sakinta sai ta ja ƙafa ta koma can bakin taga, ta juya wa kowa baya. Anti ta tambaye ta me take ji. Ta ce, "Ƙafafuna sun yi sanyi. Kuma babu wanda yake kallona." Yarinyar da ke tsaye a madadina, wadda ba ta wuce sa'ar autarmu ba, sai ga ta tana matsawa a hankali, har ta je ta tsaya a bayan matar, ita ma ta fuskanci taga. Tsigar jikina ta tashi. Anti ta janye yarinyar ta sa ni a gurbinta, ta ce in faɗa wa matar, "Kin riga Mama shiga gidan nan. Na gan ki." Wallahi ban kai ƙarshen maganar ba. Ni da aka miƙo mini takardar saki ban zubar da hawaye ba, sai ga ni ina kuka da majina a gaban baƙi, dattijuwar ta juyo ta riƙe hannuna tana cewa "ya isa, 'yata, ya isa". Da a nan aka tsaya, da tauraro biyar zan ba su in ƙara da addu'a.

Amma ba a tsaya ba. Anti ta ce in durƙusa in kai goshina ƙasa a gaban matar. Na ɗauka ban ji daidai ba. Durƙusawa ai tarbiyyarmu ce, har gobe ba na gaida Gwaggo a tsaye, amma goshi a ƙasa? Na ce, "Anti, ki yi haƙuri, wannan sujada ce, ba zan yi ba." Sai ta yi murmushi ta dubi jama'a ta ce, "Kun gani ko? Irin taurin kan da ke kashe musu aure ke nan." A gaban mutum goma sha huɗu! Mace tana tsaye da hawaye bai bushe mata ba, kuɗinta ta biya, a yi mata wannan gorin? Ko uwar mijina ta dā ba ta taɓa gasa mini magana haka ba. Bayan nan kuma wai in rungumi mai wakiltar Baba, ƙaton namiji da ban san daga inda ya fito ba. Shi kansa bawan Allah sai da ya ja da baya yana sosa ƙeya.

Ta rufe da hukunci: wai muddin mu huɗun ba mu nemi gafarar matar nan ba, babu auren da zai zauna a ɗakin Mama. Ta faɗa kamar wahayi aka yi mata. To daga ina ta sani? Da na natsu na yi lissafi, duk abin da dattijuwar ta "ji" ai a gabanta na ba da labarin. Wace mace ce a ƙasar Hausa za a ce mata ke ce uwargidan da aka saka aka manta, ta kasa sanin inda za ta tsaya da abin da za ta ce? Yaya da na ba ta labari dariya ta yi ta ce bori ne na masu digiri, garaya kawai aka cire aka sa na'urar sanyaya ɗaki. Ban yarda da ita gaba ɗaya ba, amma ban iya musa mata ba. A can Jamus ɗin ma ƙungiyoyin masana wannan fanni sun fito fili sun nesanta kansu da salon Hellinger tun yana raye, kuma cikin abin da suka zarge shi da shi har da wannan yanke hukunci a kan rayuwar mutum a zama ɗaya, a gaban taro. Ashe gado Anti ta yi.

Ƙarfe biyar aka sallame mu da ruwan gora da cincin. Hannuna na rawa na ja mota, sai da na faka kusa da tafkin Jabi na yi kusan rabin awa kafin in iya ƙarasawa Gwarinpa. An buɗe wa mutum ciwo an bar shi da ƙuda, babu wanda ya kira washegari ya ce ya kika kwana.

Alkawarin sirri kuwa, ranar Litinin sai ga hotonmu a sitatus ɗin WhatsApp na wurin. Wai an rufe fuskoki. An rufe ɗin, amma mayafina da jakata suna nan ɓaro-ɓaro, kuma Abuja ƙauye ce. Kafin la'asar 'yar ƙanwar tsohon mijina ta turo mini shi da tambayar "Anti lafiya dai ko?" Sai da na kira sau uku kafin su sauke, ba kuma wanda ya ce in yi haƙuri.

Na so in ce kada kowa ya je, amma ba zan yi ƙarya ba. A daren Asabar ɗin na kira Gwaggo na ce ta gaya mini gaskiyar matar Jos. Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ta ce, "Wa ya aike ki?" Daga nan ta kwance mini bakin jaka. Auren zumunci ne, ta haihu sau biyu 'ya'yan ba su zo da rai ba, kakarmu ta tsaya kai da fata sai da aka sake ta, wata huɗu tsakani aka ɗaura da Mama. Baba har ya rasu yana aika mata da hatsi a ɓoye duk azumi, ta hannun Gwaggon. Shekara talatin da takwas ina cikin gidan nan ban san wannan ba. Shin shi ya kashe mini aure? Ban yarda ba, na san abin da ya kashe aurena, yana nan da ransa a Kaduna. Amma tambayar da ban taɓa yi ba, a ɗakin nan aka sa ta a bakina.

Tauraro uku na yi niyya, da na tuna hoton nan na mayar da shi biyu. Jiya sun turo saƙo wai akwai zama na biyu da rangwame, ban amsa ba. Gwaggo ta ce matar tana raye, tana Unguwar Rogo a Jos, a gidan ɗan mijinta na baya, idonta ya yi rauni. Ta ce in zan je in biyo ta Bauchi in ɗauke ta mu je tare, kuma kada Mama ta ji tukuna.