Sharhi Kan Rumfar Shanu ta Ƙarfe Mai Rufin Kwano

Rumfar da nake nufi ita ce wadda ake sayarwa a kwance: ginshiƙai, ƙarafan rufi, kwano da notuna, a kai wurin a haɗa. Wadda na yi aiki da ita tsawonta mita 12, faɗinta mita 9, shanun tatsa ne a ciki, kuma ta ga zafi ta ga ruwan sama. Ƙarfenta nagari ne, amma yadda take fitowa daga masana'anta ba ta kai a zuba mata shanu ba sai an yi gyara.

Abin yabonta a fili yake. Haɗa ta ba ya cin lokaci, gara ba ta taɓa ta, kuma babu ginshiƙi a tsakiya, don haka baro yana wucewa kai tsaye wajen kwashe kashi. In an so sauya wuri, a kwance notuna a ɗauke.

Babbar matsalarta iska ce. Bakin rufin bai wuce mita biyu da rabi daga ƙasa ba, saman kuma a rufe yake ruf. Da rana ta take, kwano ya ɗau zafi ya sauke shi a gadon bayan dabbobi, ga kuma zafin da jikinsu ke fitarwa ba shi da mafita. Sai ka ga saniya ta ƙi kwanciya, tana haki, ta rage ci, nono ya ja baya. Da dare kuma tururin numfashinsu ya taru a jikin kwano ya riƙa ɗiga a kan shimfiɗa. Maganin shi ne a nemi ginshiƙan da za su kai bakin rufi mita 3.5 zuwa 4, a kuma buɗe tsagi a ƙololuwar rufin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, santimita 5 ga kowace mita 3 ta faɗin gini. A mai faɗin mita 9, santimita 15 ke nan, a ɗora masa murfi a ɗage don ruwa. A wuri mai zafi, a miƙe tsawon rumfar daga gabas zuwa yamma, rana ba za ta riƙa shigowa ta gefe ba.

Gindin ginshiƙai shi ne inda za ta fara mutuwa. Fitsari da kashi suna cin ƙarfe ko da an yi masa shafin hana tsatsa. Kada a bar ƙarfen ya taɓa daɓe: a ɗora kowane ginshiƙi a kan dakalin kankare mai tsayin santimita 30, a shafe ƙasansa da kwalta.

Daɓen ba ya cikin kayan da ake sayar maka, alhali shi ne rabin aikin. A ba shi gangara ta santimita 2 a kowace mita zuwa magudana, in ba haka ba fitsari ya kwanta, kofato ya yi laushi, ƙwayoyin cuta su samu hanyar shiga hantsa. Magina sukan so su goge siminti ya yi sumul, to a hana su. Daɓe mai santsi yana sa saniya ta zame ƙafafunta su wage, kuma wadda ta yi irin wannan faɗuwar ba kullum take tashi ba. A yi masa tsage-tsage masu zurfin kamar santimita ɗaya, amma kada ya yi kaushin da zai cinye kofato. A bar kankaren ya yi kwana 28, a wanke shi sosai kafin dabba ta taka. Wurin kwanciya kuwa sai da busasshiyar ciyawa ko garin katako mai kauri.

Kada a yarda da adadin shanun da mai sayarwa ya ce za ta ɗauka. Babbar saniya da ba a ɗaure ba tana son murabba'in mita 8 zuwa 10. In aka cire hanyar zuba abinci, wannan rumfar ta shanu goma ce, masu dogon ƙaho ma ƙasa da haka. A bakin komi a ba kowace santimita 70, don masu ƙarfi kada su hana raunana ci. Maruƙa a keɓe musu nasu gefen.

Ƙananan abubuwa biyu sun rage mata daraja a idona. Robar da ke ƙarƙashin kan kusoshin rufi tana tsagewa da zafin rana, yoyo ya biyo baya, don haka a duba su kafin ruwa ya sauka. Sannan ba ta zuwa da indararo, ruwan rufi yana zuba a bakin shiga ya mai da wurin taɓo. A sa mata indararo tun ranar haɗawa, a ja ruwan zuwa tanki, tunda saniyar tatsa guda kan sha lita 100 ko fiye a ranar zafi.